Shin haramta PUBG da Free Fire zai raba yaranmu da gem?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, kuma uba. Yaran unguwarmu sun dulmuya cikin PUBG da Free Fire, har wani ɗan maƙwabcina ya ɗauki katin bankin mahaifiyarsa ya sayi abin da suke kira daimon. Nawa na gida ma sai ƙarfe ɗayan dare yana kan waya. Na ji an ce Indiya da Iraƙi da Sin sun haramta waɗannan wasanni. Mu a kwamitin iyaye da malamai muna shirin rubuta wa gwamnati takarda a haramta su, ko a riƙa tace su kamar yadda ake tace fina-finai. Shin hakan zai yi aiki? Kuma gaskiya ne harbe-harben cikin gem na mayar da yaro ɗan daba?

Amsa: Malam, Allah Ya saka muku da alheri, kai da 'yan kwamitinku. Damuwarku ta gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce maka ai wasa ne kawai, a ƙyale yara, bai zauna ya kalli abin da kyau ba. Na daɗe ina bibiyar dokokin da ƙasashe ke kafa wa wasannin bidiyo, kuma abin da zan faɗa maka tun farko shi ne: cikin duk matakan da aka gwada a duniya, toshe wasa da sunansa shi ne mafi rauni. Ina so ku rubuta takardar, amma ba da wannan buƙatar ba.

Bari mu fara da ƙasashen da ka ambata, domin labarin da ke yawo a kansu rabi ne.

Indiya ta toshe PUBG Mobile ranar 2 ga Satumba 2020, cikin jerin manhajoji 118. Sai dai dalilin da ta bayar ba tarbiyyar yara ba ne. A Yunin shekarar sojojinta sun gwabza da na Sin a kwarin Galwan, ta rasa sojoji 20, ta kuwa shiga farautar manhajojin da ke da alaƙa da Sin bisa hujjar tsaron ƙasa da kare bayanan jama'a. Kamfanin Tencent na Sin ne ke tafiyar da PUBG na waya a lokacin. Ainihin mai wasan, wato Krafton na Koriya ta Kudu, sai ya karɓe ragamar, ya sake masa suna Battlegrounds Mobile India, ya dawo da shi a Yulin 2021. An sake cire shi a Yulin 2022, ya sake dawowa a Mayun 2023. Free Fire kuma an toshe shi a Fabrairun 2022 cikin wasu manhajoji 54, amma ƙaninsa Free Fire Max, wanda kusan wasa ɗaya ne, ya ci gaba da zama a Play Store, yara suka koma can. Pakistan ta dakatar da PUBG ranar 1 ga Yulin 2020, watan bai fita ba aka janye. Nepal ta haramta shi a Afrilun 2019, kotun ƙolin ƙasar ta dakatar da umarnin a cikin watan. Majalisar Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar haramta PUBG da Fortnite a Afrilun 2019, Jodan ta biyo baya a Yuli, amma PUBG bai daina zama ɗaya daga cikin wasannin da samarin yankin suka fi bugawa ba.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ƙarfi a kan mai shirya fim ne saboda a gabanta yake: ofishinsa na nan, jarumansa na nan, lasisinsa a hannunta yake. Kamfanin Garena mai Free Fire yana Singafo, Krafton na Koriya, Tencent na birnin Shenzhen. Babu wata jiha da ke da igiyar da za ta ja su da ita. Abin da ya rage sai gwamnatin tarayya ta umarci kamfanonin sadarwa su toshe hanya, kuma mun ga yadda hakan ya kaya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022: cikin kwanaki kaɗan har waɗanda ba su taɓa jin sunan VPN ba, wato manhajar da ke kewaye toshewar intanet, sun sauke shi. Yaron da ya iya haɗa tawaga da 'yan wasu ƙasashe a cikin gem ba VPN ne zai gagare shi ba. Wani abin da ya fi damuna ma shi ne, in aka cire wasa daga Play Store, yara kan koma sauke shi daga shafukan bayan fage, inda ake cusa wa fayil ɗin manhajar satar bayanai, kuma duk wani makullin iyaye da ke aiki ta Play Store ya tashi a banza. In kuma an yi sa'a toshewar ta kama, ga Call of Duty Mobile da ire-irensa na jira. Salon wasan yaro ke so, sunan ba ya gabansa.

Batun Sin ya fi cancanta mu tsaya a kansa, domin babu ƙasar da ta kai ta tsanani, kuma a can ne za ka ga iyakar abin da hukuma za ta iya.

Sin ta hana sayar da na'urorin gem irin su PlayStation tun daga 2000, ba ta sassauta ba sai 2014, ta buɗe gaba ɗaya a 2015. A cikin waɗannan shekarun ne gidajen intanet suka cika da samari, wasannin kwamfuta da na waya suka bunƙasa har ƙasar ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gem na duniya. Shi kuwa PUBG, hukuma ta ƙi bai wa Tencent lasisin karɓar kuɗi a cikinsa ne. A Mayun 2019 kamfanin ya rufe shi, ya fito da wani mai suna Game for Peace. Ka kalli yadda aka tace shi. Taswira kusan iri ɗaya ce, bindigogi su ne dai, ana dirowa daga jirgi kamar da. Amma an ce wannan atisayen soja ne, ba yaƙi ba. In ka harbi abokin karawa babu jini, wani haske ne ke fantsama. In ƙarfinsa ya ƙare ba ya faɗuwa matacce, durƙusawa yake yi, ya ajiye akwatin kayansa, ya ɗaga maka hannu alamar sai an jima, ya ɓace. Da wannan aka ba shi lasisi, ya kuma zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi kawo wa Tencent kuɗi. An cire jini, an cire gawa, amma awannin da yaro ke ƙonawa da kuɗin da yake zubawa suna nan yadda suke. Abin da Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma shi ne ciwon mafi yawan tacewar da ake yi wa gem a duniya.

Hukumomin Sin sun gane haka, sai suka juya kan lokaci. A Nuwamban 2019 suka ce ɗan ƙasa da shekara 18 ba zai wuce minti 90 a ranar makaranta ba, awa uku a ranar hutu, kuma babu wasa daga goman dare zuwa takwas na safe, tare da ƙayyade kuɗin da zai iya kashewa. A ƙarshen Agustan 2021 suka ƙara ɗaurewa: awa ɗaya tak, daga takwas zuwa taran dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutun ƙasa. Don wannan ya yiwu, dole kowane ɗan wasa ya yi rajista da sunansa na gaskiya da lambar katin shaidarsa, a tantance shi da rumbun bayanan gwamnati. Tencent har kyamara ya riƙa kunnawa da dare yana duba fuskar mai wasa, ko yaro ne ke amfani da asusun babba.

To me aka samu? A ƙarshen 2022 ƙungiyar masana'antar gem ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na yara ba sa wuce awa uku a mako, kuma an shawo kan matsalar. Amma masu sayar da kayan ne suka rubuta rahoton, sai a karɓe shi da taka-tsantsan. A 2023 David Zendle na Jami'ar York da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature Human Behaviour, bayan sun duba bayanan wasa na sama da awa biliyan 7 daga Sin, kafin dokar 2019 da bayanta. Ba su ga wata hujjar cewa masu wuce gona da iri sun ragu ba. Binciken na da nasa giɓin, domin bayanan ba su rarrabe yaro da babba ba, kuma bai shafi dokar 2021 ba. Sai dai an san hanyoyin da yara suka bi: katin shaidar kaka, asusun uba, da wata kasuwar bayan fage ta hayar asusun manya. Da yawa kuma sun koma kallon gajerun bidiyo. Koriya ta Kudu ta riga Sin gwadawa. Tun 2011 ta hana 'yan ƙasa da 16 wasan intanet daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Dokar ba ta shafi waya ba, yara suka koma waya, wasu suka ari lambar iyayensu. Bayan shekara goma gwamnati ta soke ta, ta mayar wa iyaye ikon tsara wa 'ya'yansu lokaci.

Akwai kuma farashin da ba a cika faɗa ba. Na'urar da aka gina don kare yara, ita ce dai ake amfani da ita wajen rufe bakin manya. A Fabrairun 2019 wani ƙaramin kamfani na Taiwan, Red Candle Games, ya janye wasansa Devotion daga kasuwa saboda an gano wani ɗan rubutu a bangon ɗaki a cikin wasan da ke yi wa Shugaba Xi Jinping shaguɓe, kamfanin Sin da ya yi musu dillanci kuma ya rasa lasisinsa. A Oktoban shekarar, kamfanin Blizzard na Amurka ya dakatar da wani ɗan wasan Hong Kong da ake kira Blitzchung na shekara guda, ya ƙwace kuɗin gasar da ya ci, don kawai ya furta goyon bayan masu zanga-zanga a wata hira. Sai da duniya ta yi ca aka rage zuwa wata shida aka mayar masa da kuɗinsa. Duk wanda zai roƙi hukuma ta karɓi ikon sanin wane ne ke riƙe da kowace waya da kuma ikon kashe duk manhajar da ta ga dama, ya kamata ya tuna cewa ikon ba ya tsayawa a kan abin da aka roƙa dominsa.

Yanzu tambayarka ta biyu, ta jini da daba.

Wannan muhawara ta girmi yaran da muke magana a kansu. A 1993 aka fitar da wasan faɗa na Mortal Kombat na bugawa a gida, a na'urorin kamfanoni biyu, Nintendo da Sega. Nintendo ya mayar da jinin cikinsa wani abu toka-toka kamar gumi, Sega kuma ya ɓoye jinin a bayan wasu maɓallai da in ka danna a jere zai bayyana. Kowane yaro ya haddace maɓallan, na Sega ya fi kasuwa, da aka zo kashi na biyu Nintendo ma ya bar jinin. A Disambar 1993 Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira kamfanonin gaban majalisar dattawan Amurka, suka ce ko ku tsara kanku ko mu tsara ku. Daga nan aka haifi hukumar ESRB a 1994, mai liƙa wa kowane wasa alamar shekaru. Turai ta kafa tata, PEGI, a 2003. Jamus ta fi kowa zafi a Yammacin duniya: a can an taɓa mayar da sojojin cikin Half-Life mutum-mutumin ƙarfe don kada a ce ana harbin ɗan Adam, an kuma goge tambarin 'yan Nazi daga wasanni, har a Wolfenstein II na 2017 aka aske wa Hitler gashin baki. Masu son cikakken wasan sai su yi odarsa daga maƙwabciya Ostiriya. A Agustan 2018 Jamus ta sassauta, ta ce za a riƙa duba kowane wasa da manufarsa kamar yadda ake yi wa fim. A Amurka kuwa kotun ƙoli ta soke dokar Kalifoniya ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali a 2011.

Bayan shekaru sama da talatin ana bincike, ga inda aka tsaya. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce a 2020 akwai 'yar alaƙa ƙarama tsakanin irin waɗannan wasanni da saurin fushi, kamar tsawa ko ture-ture, amma babu isasshiyar hujjar da za a ce suna sa mutum ya aikata ta'addanci ko kisa. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2019, a kan matasan Birtaniya kusan dubu masu shekara 14 da 15 tare da iyayensu, bai ga alaƙa ba. Japan da Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da aka fi buga gem, kuma suna cikin mafi ƙarancin kisan kai a duniya. Daba a garuruwanmu ta riga wayar hannu zuwa, kuma kai malami ka fi ni sanin tushenta: ƙwaya, zaman banza, barin makaranta, 'yan siyasar da ke ɗaukar nauyi, gidan da babu mai tambayar yaro inda ya kwana.

Kada a fahimce ni da cewa abin da ke cikin wasa ba shi da muhimmanci. Yana da shi ƙwarai. GTA, wanda za ka samu a kusan kowane gidan gem, alamar 18 gare shi, kuma ya cancance ta: akwai ashar, akwai karuwai, akwai sata da kashe ɗan sanda a matsayin abin nishaɗi. Ba na buƙatar wani bincike ya tabbatar min cewa ɗan shekara goma zai zama ɗan fashi kafin in ce bai dace ya gani ba. Wannan hukuncin tarbiyya ne, kuma haƙƙin uba ne ya yanke shi. Abin takaicin shi ne alamar na nan a fili, ba ma dubawa. A Play Store, ƙarƙashin sunan kowane wasa akwai lamba, 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+, in ka taɓa ta za ta gaya maka dalili. A kwalin faifan PlayStation tana kusurwar ƙasa ta hagu.

Ga mu Musulmi akwai wani ɓangaren da ya fi jini zafi, wato taɓa addini. Nan ma tarihin na da darasi. A 2008 Sony ya janye faya-fayan LittleBigPlanet daga kasuwannin duniya gab da fitowarsa, bayan wani ɗan wasa Musulmi ya ja hankalinsa cewa akwai ayoyin Alƙur'ani a cikin wata waƙa da aka saka. A 2012 aka cire wani fage daga Call of Duty: Modern Warfare 2 saboda an gano hadisi rubuce a jikin firam ɗin hoto a banɗaki, sai da aka gyara aka dawo da shi. A Yunin 2020 PUBG Mobile ya fito da wani salo da ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ƙarfinsa ya dawo, 'yan wasa da malamai a ƙasashen Larabawa suka tashi tsaye, kamfanin ya cire ya ba da haƙuri. A Nuwamban 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani warwatse a ƙasa a Call of Duty: Vanguard, shi ma aka cire aka nemi afuwa. Lura da cewa a dukkan waɗannan, waɗanda suka gano ɓarnar 'yan wasa ne, domin su ke ciki. Yaron da ya san addininsa kuma yake buga gem ya fi kowace hukuma saurin gani, kuma kamfanonin na jin muryar kwastoma fiye da yadda ake zato.

Inda nake so kwamitinku ya zuba ƙarfinsa shi ne labarin ɗan maƙwabcinka, domin nan ainihin cutar take. Waɗannan wasannin kyauta ake sauke su, to daga ina kuɗin kamfani ke fitowa? Daga daimon a Free Fire, daga UC a PUBG, wato kuɗin cikin wasa da ake saya da kuɗin gaske. Kuma ba ciniki ne na ga kuɗi ga kaya ba. Yaro zai ga wata riga ko fentin bindiga da abokansa ke yabawa. Ba a sayar masa kai tsaye, sai dai ya biya ya juya wani faifai mai kibiya ko ya buɗe akwatin sa'a. Fitilu su yi ta walƙiya, kiɗa ya tashi, kibiya ta rage gudu daidai kusa da abin da yake so, ta zarce kaɗan, ya tashi da tarkace. A gefen allo agogo na ƙirga kwanakin da suka rage kafin a janye kayan. Sai ya ce bari in ƙara sau ɗaya. Duk wanda ya san yadda caca ke kama mutum ya gane wannan. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a Afrilun 2018 cewa akwatin sa'a na kuɗi caca ne, kamfanin EA mai wasan ƙwallon FIFA kuma ya daina sayar da makin da ake buɗe akwatunan da su a ƙasar a Janairun 2019. Ka duba wannan da kyau: wasan ƙwallon FIFA, wanda babu ɗigon jini a cikinsa, wanda Turai ta ba alamar shekara 3, kuma kowane uba ke ganin shi ne mai lafiya, sashensa na Ultimate Team, inda ake buɗe akwatin sa'a don samun 'yan ƙwallo, da takwarorinsa na sauran wasannin kamfanin sun kawo wa EA kimanin dala biliyan 1.6 a shekarar kuɗi ta 2021. Ko a Beljiyam ɗin ma aiwatarwa ta yi wuya, domin wani bincike na 2022 ya samu 82 cikin wasannin iPhone 100 mafi kawo kuɗi a ƙasar har lokacin suna sayar da akwatunan.

Sai kuma baƙin da yaro ke hira da su. PUBG da Free Fire na da makirufo a buɗe, yaro na magana da wanda bai sani ba, babba ko yaro, daga ko'ina. Ta nan ashar ke shigowa, ta nan 'yan damfara ke cewa turo lambar sirrinka in zuba maka daimon kyauta, ta nan kuma masu lalata yara ke fara jan su da kyauta kafin su ce mu koma WhatsApp. A Disambar 2022 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa Epic Games, mai Fortnite, biyan dala miliyan 520 kan tattara bayanan yara da kuma dabarun sa mutane sayayya ba da niyya ba, ta kuma tilasta masa rufe hirar murya da ta rubutu ga yara sai in an buɗe da gangan. Turkiyya ta toshe Roblox a Agustan 2024 bisa damuwar cin zarafin yara, alhali wasa ne mai kama da na 'yan firamare. Wannan irin hukuncin na Amurka, mai canza yadda aka gina wasan, ya fi toshewa amfani nesa ba kusa ba.

Saboda haka da ni ne ku, takardar za ta nufi abin da hannun hukumar gida ke iya kaiwa, wato gidajen gem na unguwa. A yi musu rajista. Kada a bar yaro mai kayan makaranta ya shiga a lokacin karatu. A sa lokacin rufewa da dare. Wasan da ke da alamar 18 kada a kunna shi inda ƙananan yara ke zaune a benci suna jiran layi, domin mai kallo ma yana gani. A hana sa kuɗi a kan wasa, ko tsakanin masu bugawa ko 'yan kallo, domin a nan ne yaro ke koyon caca kafin ya san shagon caca. Kuma ku kira masu gidajen ku zauna da su kafin ku kai ƙara. Yawancinsu samarin unguwa ne masu neman abinci, wasunsu ma ɗalibanka ne na da, kuma in aka rufe su gaba ɗaya yaran za su koma ɗaki da waya inda babu idon kowa. A makaranta kuma, zama ɗaya na iyaye da za a nuna musu alamar shekaru da yadda ake saka Family Link a wayar Android ko Screen Time a iPhone zai yi aikin da takarda goma ba za su yi ba. Da su uba zai ƙayyade awanni, ya sa wayar ta kulle kanta da dare, ya hana sauke wasa ko sayayya sai da izininsa. Iyaye mata musamman a gaya musu kada a bar katin banki a maƙale da Play Store, kada kuma a ba yaro lambar sirri ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, ko da aike ne.

Game da naka na gida, shawarata ka fara da zama kusa da shi ka kalli zagaye ɗaya. Ka tambaye shi su wane ne 'yan tawagarsa, ina ya san su. Za ka iya samun cewa 'yan ajinsu ne, kuma wasan ya zama musu dandalin hira bayan isha. Ka san kuma cewa wasan intanet ba a tsayar da shi a tsakiya. Zagayen Free Fire kan ɗauki kamar minti goma zuwa sha biyar, na PUBG kan kai rabin awa, kuma wanda ya fita a tsakiya ya bar abokansa uku a cikin wuta, makinsa kuma ya faɗi. Yawancin rigimar da ake yi a gidaje daga nan take tashi: an ƙwace waya ana tsakiyar zagaye, yaro ya ji an kunyata shi a gaban abokai. Dokar da ta fi zama ita ce ta kafin a fara: ba a shiga sabon zagaye in an kusa kiran salla ko lokacin karatu, kuma ƙarfe goma waya na ɗakin Baba tana caji. Wannan na ƙarshen shi kaɗai zai dawo masa da barcinsa. Ka rufe masa makirufo ga baƙi a cikin saitin wasan, ka bar na abokan da ka sani.

Akwai yaran da abin ya wuce dokar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da larurar kamuwa da gem a kundinta na cututtuka a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awanni kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko yaro ya kasa tsayar da kansa, ko wasan ya ture komai na rayuwarsa, karatu, abinci, wanka, abokai, kuma ko yana ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ido, yawanci na tsawon wata 12. Kaɗan ne cikin masu wasa ke kaiwa nan, kuma sau da yawa akwai wani abu a ƙasa, kamar ciwon damuwa, cin zali a makaranta ko rikicin gida, wanda yaron ke gudu ya ɓuya a cikin gem. In ka ga waɗannan alamomi, ko sata ta maimaitu bayan an yi magana, duka ba zai warkar ba. A kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa, ko asibitocin ƙwararru irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano ko na Maiduguri, a nemi ganin likitan da ke duba matasa.